Sandar Baba Habila

A Kaltungo, gindin dutsen Kilang,
da karan dawa ya fara,
yana kaɗa wa awaki hannu,
su ko suna ta kiwonsu.

'Yan badujala suka koya masa busa.
Wata tsohuwar mishan ta koya masa
karatun baƙaƙen ɗigon nan
masu kama da tururuwa bisa layi biyar.

Shekara bakwai yana rubuta kiɗa guda:
goge goma sha biyu, sarewa uku,
da ganga ɗaya wadda ba ta tanka
sai can ƙarshe, sau biyu.
Wai innarsa ce ke kiransa cin tuwo.

Daren da aka kaɗa shi a Gombe
aka ɗauke wuta ana tsaka.
Mutum arba'in a duhu,
ba mai ganin sandarsa,
ba kuma wanda ya kauce.
Numfashinsa suka bi.

Yanzu hannun rawa yake.
Ni ke fiƙe fensir, ni ke kwafar takardu.
In ruwa ya sauko bisa kwano
sai ya ɗaga yatsa:
"Briskila, sun cika sauri.
Ce musu su jira ni."