Haruffa Masu Ƙugiya

Ajinmu yana bayan layin dogo a Agege,
in jirgi ya wuce sai alli ya gangaro daga tebur.
Yara talatin da huɗu, benci tara,
waya ɗaya, tawa ce, fuskarta da tsaga
tun ranar da ta suɓuce mini a danfo.

Nan aka yanke musu cibi, gishirin Ikko ne a bakinsu.
Ciniki da Yarbanci, faɗa da broka,
Hausa sai in uwa ta ƙwala kiran cin tuwo.
Na ce ku matso mu kankare tukunya,
ko ƙanzo ne ya rage, abinci ne.

Na miƙa wa Lantana wayar, rubuta mini ƙasa.
Ta latsa, ta ɗago tana murmushi.
Na duba na ja da baya: kasa!
Yarinya, kin sako mana maciji a aji.
Dariya ta kece har mai gyaran taya ya leƙo.

Danna harafin ki riƙe, kada ki saki,
yadda kike riƙe hannun ƙaninki a bakin titi.
Ta riƙe. Sai ga ƙugiya ta leƙo daga ɓoye,
macijin ya koma turɓaya.

Kudiratu, 'yar mai buka, ta ɗaga hannu:
Malama, namu ɗigo ne a ƙarƙashi,
naku ƙugiya ce a ka.
Na ba ta allin. Rannan ni na zauna a benci.

Baƙi ake ce wa harafi.
Mu ma a garin nan haka ake ce mana.
Shi ya sa nake so su gaisa da juna.

Aikin gida ba na littafi ba ne:
kowa ya ari wayar gidansu,
ya naɗo mini muryar tsoho, ya turo.
Wasu suka kawo faɗa, wasu suka kawo addu'a,
wata ta kawo kukan janareto kawai.
Tanimu ya kawo kakansa, Baba Nomau,
shekara arba'in yana fiɗa a mayankar Oko-Oba,
amma da ya buɗe baki sai ga gona,
ga taiki, ga burgami, ga ruwan marka
yana dukan jinkar da babu ita yanzu.
Burgami kam ni ma sai da na tambaya.

Muka sa wayar cikin kwanon sha don ta ƙara amo.
A saurara, a tsayar, a rubuta.
A mayar baya, a sake.
Sati uku muna tsintar maganar tsoho
kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa,
in wuta ta ɗauke mu kai caji shagon Iliya.

Wata Asabar a Oshodi, cikin turereniya,
na taɓa jaka na ji ta yi sauƙi.
Wayar gidan su Tanimu kuwa ta riga ta sha ruwa.
Kafin wata ya mutu, Baba Nomau ya riga shi.

Litinin na shigo hannu rabbana,
ban san da wane baki zan fara ba.
Tanimu ya miƙe ba wanda ya kira shi,
ya buɗe littafinsa mai bangon takardar siminti,
ya sa yatsa, ya soma.
Taiki ya dawo. Marka ta sauko.
Kowace ƙugiya tana rataye a mazauninta.

A tsakiyar shafi akwai fili, faɗin yatsa biyu.
Da ya kai nan sai ya yi shiru.
Na ce ci gaba mana.
Ya ce, Malama, nan ne ya yi tari.

Muka jira shi ya gama.