Zaren Tela a Tafkin Madarumfa

Shekara talatin ina kan keke a Bagalam,
ƙafa na taka, allura na cin yadi,
har likita ya ɗaura mini roba a dantse,
ya duba, ya girgiza kai:
"Malam Ranau, jininka ya hau.
Nemi inda babu mai jiran ɗinki,
je ka zauna bakin ruwa."

Ran Juma'a na shiga babbar kasuwa,
rumfar Tsahiru, bayan masu tayoyi.
Sandunan fatsa jingine kamar karan dawa.
Ya miƙo ɗaya, baƙa wul, mai gaɓa uku,
irin wadda ke haɗiye kanta in an gama.
Na lanƙwasa ta, ta dawo ta tsaya ƙyam.
"Ta giwan ruwa ce," in ji shi,
"taushi a kai, ƙarfi a gindi,
tana jin kifi tun yana sunsunawa."

Akwai wata doguwa da ta kwanta mini a rai.
Ya ce ta karfasa ce, ta yara,
tarwaɗa guda za ta mai da ita tsinke.
Na aje. Ba a koya wa mai rumfa sayarwa.

Sai kwarkwaro. Nan na gyara zama,
abin da ke naɗe zare ai ɗan gidanmu ne.
Na kai kunne, na murɗa hannu:
na farko na kuka kamar ƙofar kwano,
na biyu na tuntuɓe a haƙori guda,
na uku shiru, sai ɗan numfashi
irin na keken da ya sha mai da safe.
Na ce shi, tun ban tambayi kuɗi ba,
abin da kullum nake hana ƴaƴana aikatawa.

Zare kuwa, wa zai gaya mini zare?
Na ja tsakanin yatsu, na sa haƙori.
Mai kauri, kifi na ganinsa;
siriri ba ya riƙe babba.
Na ɗauki na tsakiya, mai launin ruwan rijiya.
Jikka goma sha biyu, ƙugiya huɗu gyara.
Na fito ina ƙirga wuyan riga nawa ke nan
idona zai ci kafin kuɗin su yi dawowa.

Asabar, kabu-kabu ya aje ni Madarumfa.
Tsoho Hankurau na gindin kuka,
gorarsa ta tsufa har ta yi ja,
zarensa naɗe a gwangwanin tumatir,
kifi biyar na motsi cikin buhu.
Ya dubi kayana sama da ƙasa:
"Allah sa kifin ya san farashi,"
ya mai da ido kan ruwa.

Na soka tana, na wurga.
Azahar ta wuce, la'asar ta matso.
Sai sanda ta sunkuya kamar mai ruku'u,
kwarkwaro ya ɗau kuka, zare na gudu.
Na ga bayansa sau ɗaya, fari tas,
tsawonsa ya fi ƙafar wando.
Sannan hannuna ya yi sakayau,
ba abin da ya rage sai rawar gwiwa.

Hankurau ya jawo bakin zaren ya duba.
Bai tsinke ba. Ƙarshensa ne a nannaɗe.
"Wa ya ɗaura maka ƙugiya?"
Na ce ni, ai tela ne ni.
"Ƙullin maɓalli ka yi, Malam.
Ka taɓa ganin riga na guduwa?"

Ya jiƙa zaren da miyau,
ya kewaya sau shida, ya soka, ya ja,
ya miƙo mini ba tare da kallona ba.

Na dawo gida hannu rabbana.
Sahura ta riga ta daka yaji, ta sa mai a wuta.
Ban ce komai ba, ita ma haka.
Da dare na kunna fitila bisa keke,
na ɗauko ƙugiya da guntun zare,
ni da na yaye yara tara a wannan shago,
ina kewayawa sau shida,
ina kwancewa,
ina sakewa.