Gwaza a Hilo

Daga Houston muka taso, ni da Sa'ade,
lema tana can jingine a bayan ƙofa.
Hilo ta tarbe mu da ruwa.
Ba irin namu ba, mai aiko iska da tsawa su yi masa iso;
wannan ba ya sallama,
ɗan gida ne ya leƙo ɗaukar abin da ya manta.

Da sassafe Anti Iwalani ta hau da mu dutse
a tsohuwar motarta mai tari.
Daji ne da ko hannu ka miƙa sai ya dawo a jiƙe.
Gansakuka ta ɗinka wa kowane icce riga,
ƙasa baƙa wuluk, wutar jiya ce ta huce.
Ta sa muka goge takalma kafin mu shiga,
wai itatuwan ma suna da annobarsu.

Awa biyu muna ɗaga kai, har wuya ya sage.
Sai ga shi:
ja kamar tattasai a shanya,
baki lanƙwashe kamar lauje,
ya tsotsi fure, ya yi kukan ƙyauren da bai ga mai ba,
ya ɓace.
I'iwi, in ji ta, ƙasa-ƙasa,
kamar mai ambaton sunan maras lafiya.

Na ce me ya koro su sama haka?
Ta ce sauro.
Baƙo ne, jirgin ruwa ya kawo shi.
Cizo ɗaya, zazzaɓi, shi ke nan.
Sanyin dutse ne kaɗai gidan sauronsu,
shi ma bana ya fi bara yagewa.
Na yi shiru.
Shekara sha ɗaya ina ɗaura wa yara ruwa a asibitin Gusau,
ban san har tsuntsu ake bi bashin nan ba.

Da yamma muka gangara fadamarta.
Ganye faffaɗa, ruwa har idon sawu.
Na ce, ai gwaza ce!
Ta ce kalo.
Na ce kallon nake yi, ta yi dariya ba ta san dalili ba.
A wajensu yayan ɗan Adam ne,
shi aka fara binnewa, ya tsiro ya ciyar da ƙanne.
Ban yi musu ba.
Kowa ya san inda aka binne cibiyarsa.

Tana kirɓa shi da dutse a kan akushin katako
take gaya mana kakarta ta sha rula a makaranta
don ta nemi ruwa da harshen uwarta.
Ita kuwa sai da ta yi furfura
ta zauna aji ɗaya da jikoki, ta karɓo abinta.
Ta juya ga Sa'ade:
ku me kuke ce wa ganye?

Yarinyar ta dube ni.
Shekararta sha huɗu.
Ni na dubi laka.

Da dare kwaɗi suka hana kowa barci.
Daga ɗaya gadon na ji an ce, gwaza.
An sake cewa, gwaza, muryar ta faɗi inda ya kamata ta tashi.
Can kuma: Umma, wancan jan fa?
Na ce tsuntsu.
Ta ce sunsu.
Na tashi na kunna fitila.