Fulogi Na Shida

Shekara goma sha tara tana kwance a garejin Baba,
bayan gidanmu na Saginaw,
Linkon baƙa, ƙirar sittin da biyu,
tayu huɗu sun durƙusa kamar raƙumin da ya ƙi kaya.
Ɓeraye sun haifi 'ya'ya da jikoki a kujerar baya.
Gishirin da ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara
ya cinye gindinta, har na zura hannu na taɓa siminti.

Maƙwabcina Eusebio ya leƙo, ya ja tsaki:
"Odessa, ki sayar wa masu awon ƙarfe ki huta."
Na ce masa, tsohon doki sai mai shi.
Washegari ya dawo da jak da sufana,
bai sake tayar da zancen ba.

Ni da na shekara talatin ina laluben jijiya
a hannun marasa lafiya,
yau ga ni kwance a ƙasa ina neman inda mai ke ɗiga.
Aikin duk ɗaya ne, sai dai ita ba ta cewa wayyo.
Na kwance kafireta a kan teburin cin abinci,
ƙananan kusoshi a kwalin ƙwai,
kowace da lambarta, don kaina ba na da ba ne.
Lagireto ya zo daga wani dattijo a Nebraska,
haɗe da wasiƙa shafi uku a kan matarsa da ta rasu.
Bamba kuwa sai da na jira wata bakwai.
Kuɗin gyaran rufi ya tafi a fenti:
ruwa na ɗiga a bokiti kusa da gadona,
ita tana can tana sheƙi, ko a jikinta.

Baba ya shekara ashirin da shida a masana'anta
yana zuba narkakken ƙarfe, ana fitar da injinan motocin
da albashinsa bai kai ya shiga sabuwarsu ba.
Wannan ma hannu na uku ce,
wurin wani mai shirya jana'iza ya same ta.
Ran Lahadi yakan buɗe wa Mama ƙofar baya,
irin ƙofar nan mai buɗewa a baibai,
ta sauko gaban coci da hula mai gashin tsuntsu
kamar ba ita ta kwana guga a otal ba.

Ranar da na murɗa makulli, ta yi tari,
ta sake tari, ta tofar da shuɗin hayaƙi,
sannan gurnanin nan ya taso daga can ƙasa
har gwangwanayen fenti suka yi rawa a kanta.
Eusebio ya cire hula.

Na tuƙa ta zuwa gidan tsofaffi.
Shekara biyu ke nan Baba yana kirana "Nas",
yana tambayata ko na san 'yarsa.
Aka turo shi a keke har bakin ƙofa, bargo a gwiwa.
Bai dube ni ba. Ya lumshe ido, ya karkata kai
yadda yake yi in ana waƙa a coci.
Can ya ɗaga yatsa:
"Fulogi na shida yana tsallake."
Ya yi shiru, ya ƙara da cewa,
"Odessa ce ta taɓa ta ko? Yarinyar nan da ƙiriniya."

Da dare na buɗe bonet, tocila a baki.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, har shida.
Na zaro shi. Baƙi ƙirin,
da wata tsaga siririya kamar silin gashi.
Sabo yana nan cikin kwali, dala huɗu na saye shi.

Na juya tsohon a tafin hannu, da sauran ɗuminsa.
Na goge shi da bakin riga,
na mayar da shi raminsa, na ɗaure.

Lahadi mai zuwa ina so ya sake gaya mini.