Jakar Jaratu

A Garwa, gindin gadar Binuwai,
Jaratu ta sayar da kifinta kaf:
jaka uku da dala ashirin.
Ta ƙulle jaka guda a bakin zane,
wai wannan ta Gaza ce.

Na ce, "Ke da ɗakinki ke yoyo?"
Ta ce, "Ni ruwa ke zubo mini, Malam Sanda,
su kuwa wuta."

Daren nan na rubuta wa depitenmu:
ya miƙe a majalisa, ya buɗe baki.
Masunta sun dangwala yatsa,
mahauta ma, ko hannu ba su wanke ba.

Ran Juma'a akwati na ƙofar masallaci.
Hannunka bai kai Falasɗinu ba, na sani,
amma ai ya kai aljihunka.