Ƙofar da Doreen Ta Manta

Ba da taro aka fara ba, ba da takarda ba.
Da bututu aka fara,
a bayan shagon wanki na titin Hessle, a Hull,
inda injin busar da kaya ke huro numfashinsa mai ɗumi.
Nan Doreen Ackrill ta tarar da yaro, asubar wata Talata,
shekarar tamanin da bakwai,
ya dunƙule cikin kwali,
ya yi matashi da takalminsa don kada a sace.

Ba ta tambaye shi komai ba.
Wadda ta shekara ashirin tana feɗe kifi a bakin tashar jiragen ruwa
ta san abin da igiya ta jefo gaɓa ba ya son tambaya.
Daren nan sai ta manta ta kulle ƙofa.
Washegari ma ta manta.
Kafin Kirsimeti mantuwarta ta haifi 'ya'ya shida,
suna kwana tsakanin kwandunan zannuwan otal,
suna tashi da ƙamshin sabulu a gashinsu.

Maƙwabta suka kai ƙara.
Jami'in hukuma ya zo da jaka da biro,
ya ƙirga katifu, ya ƙirga tagogi, ya ce doka ta hana.
Doreen ta zuba masa shayi, ta ce,
"To, nuna mini wanda zan fara kora."
Ya dubi Kieran. Ya dubi Sunita da cikinta na wata biyar.
Ya shanye shayin har ƙasan kofi.
Shi ya rubuta wa ƙungiyar ƙa'idojinta,
shi ya zama ma'ajinta na farko.
Sunansa Clive. Har ya mutu ba wanda ya ga haƙoransa.

Da kuɗin kek da tsofaffin riguna
aka kama gida mai ɗaki bakwai,
rufinsa na yoyo a biyu.
Sau uku tallafi ya yanke, sau uku aka ci wake da burodi har bazara.
Shekarar ambaliya ruwa ya kai gwiwa,
wata yarinya ta fito da littafin sunaye a ka,
ta bar jakarta tana iyo.

Ba kowa aka tsamo ba, kada in yi muku ƙarya.
A shafi na casa'in akwai Darren,
wanda ya fita sayen taba a watan Janairu.
An same shi ƙarƙashin gada.
Doreen ta wanke jaket ɗinsa, ta goge, ta rataye.
Tana nan har yau bayan ƙofar kicin.

Ni a shafi na ɗari huɗu da goma nake,
shekara goma sha shida, duk dukiyata cikin baƙar leda.
Yanzu mabuɗin yana wuyana.

Ran Lahadi nakan je gidan tsofaffi in gan ta.
Mantuwar gaske ta zo mata,
takan kira ni da sunan ƙanwarta.
Amma in na miƙe zan tafi sai ta riƙe hannun rigata:
"Kun kulle ƙofar?"
In ce, "Mun manta, Doreen."
Sai ta sake ni, ta gyara bargonta.