Kogin da Ba Ya Ƙara

A mayankar Sinnar, tun gari bai waye ba,
Dakta Mudassir ya miƙo mini wuƙa ya ce,
"Ƙyale tsokar, Rumaisa. Nemo mini kaluluwa."

Na laluba ƙarƙashin muƙamuƙin saniya,
ga ta nan kamar dabino, lulluɓe da kitse.
Wata a gaban kafaɗa, wata a kwiɓi,
wata ta laɓe saman hantsa,
biyu-uku sun maƙale tsakanin huhu da huhu,
na jikin hanji kuwa sun jeru
kamar carbin da ba a gama ja ba.

Jini ɗan gata ne, zuciya na yi masa kiɗa.
Wannan ruwan ba shi da makaɗi.
Takun dabba ke tura shi, numfashi ke jawo shi,
yana tsintar abin da jini ya zubar a hanya,
ta ƙofofin da ba sa buɗewa baya.
Daga hanji yake tasowa fari kamar madara,
ya bi gefen ƙashin baya a hankali
har ya faɗa jijiya a gindin wuya,
kamar yadda Farin Nilu ke iske ɗan'uwansa a Khartum.

Kowace kaluluwa shinge ce.
Nan ake tsayar da baƙo, a kwance masa kaya.
In ta kumbura, an yi faɗa a unguwar.
In na tsaga na ga rawaya mai tsakuwa,
sai in hana hatimi,
mahauci ya yi ta rantsuwa, ba ruwana.

Ranar Alhamis na koma Mai Wurno.
Bayan isha'i Baba ya ce wuyansa ya ƙage,
na ɗumama man riɗi, na durƙusa bayansa.
Yana ba ni labarin farashin dawa,
da tunkiyar Inna Talatu da ta haifi uku,
hannuna na tafiya yadda aka koya masa,
shi kaɗai, ban aike shi ba.

Saman ƙashin wuya, ta hagu, yatsana ya tsaya.
Tauri. Ba ta motsi. Ba ta zafi.

"Me kika tsinta, likitar shanu?" in ji shi, yana dariya.

Na ce, "Man ne ya huce, Baba."
Na tashi na nufi murhu,
na daɗe ina hura wutar da ba ta mutu ba.